Farkon Waƙar Kaka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kaka, mahaifiyar Ummata, ta rasu ranar wata Talata da hantsi a ɗakinta na unguwar Arba wa Nus a birnin Alƙahira, tana da shekara tamanin da 'yan kai. Kwana uku ƙofarmu ba ta rufu ba. Matan Sudan su shigo lulluɓe da mayafinsu na tob, su ɗaga tafukan hannu su karanta Fatiha a tsaye kafin su nemi wurin zama. Matan 'yan Najeriya su zo da katan ɗin ruwa da dabino, su ce, "Ya haƙuri?" Umma ta ce, "Da godiya." Kawu, yayan Umma, yana koyar da karatun Alƙur'ani a unguwar Abbasiya. Ɗalibansa suka cika matattakala tun daga hawa na uku har ƙasa, takalmansu jere kamar a ƙofar masallaci.

Ni aikina wanke kofuna ne. Babu mai lura da mai wanke kofuna, shi ya sa na ji kusan komai.

"Hajiya ba ta da abokin faɗa," in ji wata. Wannan ba gaskiya ba ne, amma ranar makoki ce. Wata ta ce tun da ta san ta, azumin Litinin da Alhamis bai taɓa wuce ta ba. Wannan kam gaskiya ne. Wata ta tuna yadda Kaka ta bar wa mata biyar ɗakinta lokacin da yaƙi ya koro su daga Khartum, ita ta koma kwana a kan darduma a falo har wata biyu. Sai wata tsohuwa da suka san juna tun a Omdurman ta rage murya ta ce, "Allah dai ya yafe mata na ƙuruciya." Aka ce amin da sauri-sauri, kamar ana rufe tukunya. Umma ta miƙe ta ce bari ta duba wuta. Na san babu komai a kan wutar, don ni na sauke butar.

Duk zaman nan ban ji bakin da ya furta kalmar waƙa ba, sai ranar sadakar uku da wani tsoho ya zo. Mutumin Aswan ne, baƙi, dogo, siriri, cikin kwat mai ruwan toka da ta yi masa yawa. Ya hawo matattakala yana hutawa a kowane hawa, ɗaliban suna janye ƙafafunsu. Ya kama hannun Kawu da hannu biyu, ya yi masa ta'aziyya da Larabcin Masar, sannan ya ce, "Shekara tara ina busa ƙaho a bayanta, ya ibni, ɗana. Ban taɓa ganin fuskarta tana waƙa ba. Ƙeyarta kawai na sani. Amma daga yadda ƙeyar nan ke motsi nake gane inda za ta."

Kawu ya saci kallon ɗalibansa. Ya ce, "Allah ya ba da lada, ya Ammu. Ga shayi." Ammu shi ne baffa da Larabcinsu.

"Faifan fa? Ta taɓa ce mini tana da guda. Nawa jikoki sun fasa."

"Babu wani faifai a gidan nan," in ji Kawu.

Tire yana hannuna a lokacin. Faifan yana gidan. Yana cikin jakar makarantata a bayan ƙofa, a cikin littafin taswira, tsakanin Afirka da Asiya. Wata huɗu ke nan yana can. Dalilin wannan rubutu ke nan. Ina so a san wace ce aka binne, kuma ina so in faɗi abin da na yi mata.

Kaka ba ta ba da labari a jere. Guntu-guntu take saki, yawanci ranar Juma'a in tana yi mini kitso, kaina tsakanin gwiwoyinta, ba mai ganin fuskar wani. An haife ta a wani ƙauyen Hausawa a bakin kogin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan. Kakanninta sun taso daga ƙasar Sakkwato za su Makka a ƙafa, suka tsaya noman damina ɗaya, daga nan ba su ƙara gaba ba. Tana budurwa aka kai ta Omdurman wurin goggonta, ta riƙa bin matan da ke waƙar biki. A gidan da goggon ke aiki akwai rediyo, a nan ta fara jin jaz, waƙar baƙaƙen Amurka mai ƙaho da fiyano. Ba ta san Turanci ko kalma ɗaya ba. Da kunne ta haddace waƙoƙin, har da inda mawaƙiyar ke jan numfashi.

"Shekara biyu ina rera wata waƙa ina washe baki," ta ce mini, "sai wani Bature ya gaya mini ai matar kuka take yi, mijinta ya gudu. Na ce to, ai ni na fi ta fahimtar lamarin."

Wasu masu ƙungiyar kiɗa suka ji ta a wani biki, suka ɗauke ta. Da su ta zo Masar, jirgin ruwa zuwa Aswan, jirgin ƙasa zuwa Alƙahira, da riga biyu da takalmin aro. Ta yi waƙa a lambunan otal, da jirgin da ke yawo da mutane a kan Nilu, lokacin zafi kuma a Iskandariyya. Ta yi ta Turanci, ta yi ta Larabci irin ta zamani wadda 'yan mata ke so a lokacin. Wani mai otal ya laƙa mata sunan Turawa ya rubuta a allo. Ba ta taɓa furta mini shi da bakinta ba. "Sunan aiki ne," ta ce, "kamar rigar aiki. An tashi, an tuɓe."

Rabonta da dandamali ya kai shekara hamsin, amma jikinta bai san an tashi ba. Ba ta shan ruwan sanyi ko a tsakiyar zafin Agusta. Yansun, wata 'yar ƙwaya mai ƙamshi, take dafawa ta sha da ɗumi, ta ce shi ne man maƙogwaro. In tana jan carbi, ƙafarta ta hagu tana ƙirga wani abu daban a ƙarƙashin zane, huɗu-huɗu. In mai gas ya wuce ta layinmu yana buga tukunyar gas da ƙarfe, sai ta karkata kai ta saurara, ta yi tsaki. "Wannan bawan Allah kullum gaggawa yake yi. Ba zai taɓa yin makaɗi ba."

Abin da ta fi maimaita mini shi ne maganar shiga. "Duk aikin a shiga yake. Makaɗa za su buɗe miki ƙofa: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sabuwar mawaƙiya sai ta faɗa ciki da gudu. Ke kuwa ki bari su jira ki. Rabin numfashi. Daga nan zuciyar kowa tana hannunki. Amma rabi fa, Malama Shiru. In ya wuce rabi, waƙa ta tafi ta bar ki."

Malama Shiru take ce mini, saboda ban iya magana a gaban mutane ba. A nan aka haife ni, Larabcina irin na kowa ne, amma da zarar idanu sun yi mini yawa sai harshena ya yi nauyi. Akwai shekarar da malamar Larabci ta zaɓe ni in karanta wasu baitoci a layin safe, gaban makaranta duka. Mako guda Kaka tana horar da ni. Ta kunna kyandir ta ajiye a gaban bakina, ta ce in karanta ba tare da harshen wutar ya kaɗa ba, numfashi daga ciki, ba daga wuya ba. Ta ce in kalli bangon da ke bayan kawunan mutane. Ranar ta zo, na tsaya, na kalli bango, bakina ya ƙi buɗuwa. 'Yan mata suka yi ta dariya har malama ta karɓe makirfo. Da na dawo gida Kaka ba ta ce mini sannu ba.

"Ƙafafunki sun gudu?"

Na ce a'a.

"To kin fi ni. Ni ranar farko bayan fiyano na ɓuya. Mai ƙaho ne ya jawo ni da gyale." Ta dafa mini yansun, ba ta sake tayar da maganar ba.

Wadda ta ce Kaka ba ta da abokin faɗa ba ta ga ranar hoto ba. Akwai hotonta guda, manne a cikin murfin kabad ɗinta: doguwar riga mai ƙyalli, kafaɗu a waje, kai babu ɗankwali, makirfo a hannu. Kawu ya zo gyara mata murfin da ya saki, ya gan shi. Ina zaune a ƙasa ina tsince shinkafa.

"Inna, kin je Hajji sau biyu. Me wannan yake yi a nan? In ta Allah ta kasance, mata su buɗe su gani?"

"Su gani mana. Ai na fi su kyau."

"Inna, ba wasa nake yi ba."

"Ni ma. Kai da ake yabon dogon numfashinka a tarawihi, aya uku ba ka tsaya ba, wa ya zaunar da kai gaban kyandir kana ɗan shekara shida? Shehunanka?"

Kawu ya miƙa hannu. Ya ɓamɓare hoton a hankali, ya sa a aljihun jallabiyarsa, ya ƙarasa ɗaure murfin, ya fita. Ban san ko ya yaga shi ba. Mako uku Kaka ba ta amsa wayarsa. A na huɗu ta ji yana mura, ta toya kisira, wainar Sudan mai faɗi marar kauri, ta yi miyar kuɓewa, ta sa Umma ta kai masa har Abbasiya.

Akwai abin da Kawu bai sani ba, ni ma a ƙarƙashin kitso na ji shi. Yana aji biyu na firamare ya dawo gida da leɓe a fashe, yara sun kira shi ɗan 'yar rawa. A makon nan Kaka ta mayar wa mai otal rigarsa, ta jawo kujera ta zauna a kan keken ɗinki kusa da mijinta. Ba ta sake hawa dandamali ba. Umma da aka haifa daga baya ba ta taɓa ganin ta tana waƙa a gaban mutane ba. Na tambaye ta ko ta yi nadamar bari. Ta ja mini gashi kaɗan ta ce, "Na yi kewa. Nadama daban."

Lokacin sanyin bara ta yi ciwon ƙirji. Ta warke, amma murya ba ta dawo ba, sai raɗa-raɗa mai ƙaiƙayi. Wata rana da yamma Umma ta fita sayen burodi, ta kira ni ta ce in turo ƙofa. Ta sa na jawo akwatin Makka daga ƙarƙashin gado. A sama akwai likkafaninta da ta wanko da zamzam, a ninke. Ta ɗaga shi da hannu biyu, ta zaro wani abu naɗe da tsohon ɗankwali. Ɗan ƙaramin faifan garmaho ne, baƙi, faɗinsa bai wuce murfin kwano ba. Shi kaɗai ta taɓa yi. Gefe ɗaya waƙarta, ɗaya gefen kiɗa zalla.

"Waƙar ta Turanci ce," ta ce, "amma farkon nawa ne. A jaz akwai inda mawaƙiya ke sakin baki ta yi ta sautuka marasa ma'ana kafin kalmomi su fara. Sai na sa Hausa a wurin. Har mai kamfanin ya yaba, wai na iya shirmen Amurkawa." Ta buga huɗu da yatsa a kan murfin akwati, ta jira rabin numfashinta, ta raɗa:

"Inna, ajiye mini tuwo, ina hanya, ina hanya."

Na san layin nan tun ina ƙarama, da shi take yi mini kitso. Ban dai san inda ya fito ba. Ta ce da labarin waƙarta ya isa ƙauye, mahaifinta ya aiko cewa kada ta sake taka masa gida. Ta yi ta cewa bari ya huce, bari shekara ta zagayo, har aka aiko mata mahaifiyarta ta rasu. "Na sa shi a faifai ne ko rediyo zai kai mata. Ban san ko ya kai ba."

Sannan ta faɗi abin da take so. Akwai wani mai shago a kasuwar Ataba, bayan masu sayar da rediyo, yana da garmaho, yana juye irin waɗannan faya-fayan cikin waya. Daga makarantarmu a Abbasiya tasha kaɗan ce a jirgin ƙasa na metro, kuma ranar Alhamis da wuri ake tashi.

"In na ba Ummanki, za ta ce me yayanta zai ce. Ke ce ba ki da baki, ke za ki iya." Ta shafa faifan da gefen mayafinta. "Shekara arba'in ban ji shi ba. So nake in ji ko da gaske na iya, ko tsufa ne ke yi mini ƙarya."

Na ce to. Na sa shi cikin littafin taswira don shi ya fi faɗi da tauri.

Alhamis ta farko na gano shagon ba wuya. Ɗan tsukuku ne, mai shi yana da tabarau a goshi, wasu maza huɗu suna zaune a ƙofa suna shan shayi suna ƙyaƙyata dariya. Na tsaya a tsallake kusa da wata mai sayar da safa. Na shirya jimlar a bakina, gajeriya ce ƙwarai. Sai na fara tunani: zai tambaye ni muryar wa ce. Zai kunna da ƙarfi. Mazan nan za su juyo su kalli baƙar yarinya da hijabin makaranta, su karanta sunan Turawan da ke jikin faifan, wani ya faɗi irin kalmar da aka faɗa wa Kawu. Na yi rabin awa a tsaye. Mai safa ta ce, "Za ki saya ne ko gadi kike yi mini?" Na sayi safa, na koma gida.

"Ya mai shago?" in ji Kaka.

"Ya ce mako mai zuwa. Injinsa ya lalace."

"Ma'alish, ba komai. Masar ke nan, komai sai gobe."

Sau uku na je, safa uku na saya. Suna nan har yau, ban sa ko ɗaya ba.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila wata Alhamis na daure. Amma wata rana cikin watan Mayu, ana zafin da kwalta ke laushi, na shiga mikrobas, ƙaramar bas ta haya, daga Abbasiya, na samu wuri a layin da ke bayan direba. Duk mai hawa motocin nan ya san tudun da ke wurin, inji ne a ƙarƙashinsa, ko ƙafa ba a son ɗorawa. Wani mutum ya shigo da kaya, ya ɗauke jakata daga gefena ya ɗora a kan tudun don ya samu wurin zama. Ina gani. Kalma biyu zan faɗa, ko in miƙa hannu kawai. Na kasa, don sai na ratsa ta gabansa. Muka shiga cunkoso, muka yi sama da awa guda. Ina kallon jakar, ina jin zafin injin a ƙwaurina.

A banɗaki na buɗe littafin. Bakin faifan ya tashi ta gefe guda, ya lanƙwashe kamar gefen kisira a kan kasko. Na sa shi ƙarƙashin buhun shinkafa kwana huɗu. Ya ɗan kwanta, bai miƙe ba. Daga ranar ban sake zuwa Ataba ba. Da kunya ce ke hana ni, yanzu tsoro ya haɗu da ita. Kowace Alhamis sai in zauna a tasha in ɓata lokaci, in dawo da sabuwar ƙarya: mai shago ya yi tafiya, mai shago yana jiran wata waya daga waje.

Kaka ta daina tambaya na ɗan lokaci. Alhamis ta ƙarshe na shigo na same ta kwance, kofin yansun ya huce a gefenta. Ta daɗe tana kallona, sannan ta raɗa, "Malama Shiru, in abin ya yi miki nauyi, ki dawo mini da shi. Ko a hannu na riƙe ya isa. Ba zan yi faɗa ba."

Ta sani. Ban san iya abin da ta sani ba, amma ta buɗe mini ƙofa, ta tsaya tana jira. Jakar tana rataye a kafaɗata, taku biyu daga gadonta. Na tuna bakin nan da ya lanƙwashe, na tuna yadda ta shafa shi da mayafi.

Na ce, "Yana wurin mai shago, Kaka."

Ta lumshe ido. Ta ce, "Tamam, shi ke nan." Kwana biyar bayan nan ta rasu, ina makaranta, muna darasin lissafi.

Da aka zo yi mata sutura, Umma ce ta buɗe akwatin Makka. Ta ɗauki likkafani ta miƙa wa mai wanka. Sai na ga ta mayar da hannu cikin akwatin, ta laluba kusurwa huɗu, ta ɗaga sauran kayan, ta sake lalubawa. Ta rufe akwatin. A nan na gane ita ma ta san da faifan.

Mako biyu bayan rasuwar na koma Ataba. Babu abin da ya sauya, mazan nan huɗu suna nan da shayinsu. Na tsallaka ban tsaya wurin mai safa ba, na faɗi jimlar. Mai shagon ko ɗago kai bai yi sosai ba, ya miƙo hannu. Ya ɗaga faifan ya hango bakinsa ta haske, ya yi tsaki.

"Wa ya dafa shi?"

Na ce, "Ni."

Ya ɗora shi a kan garmaho. A bakin faifai waƙa ke farawa, ta bi da'ira zuwa tsakiya, ban san haka ba sai ranar. Allura ta hau tudun ta yi tsalle. Ya ɗora tsabar kuɗi a kan hannun allurar don ya yi nauyi, ta sake tsalle. Ya gwada sau uku. Ya sauke tabarau ya ce, "Farkon ya tafi, ya binti. Daga nan zuwa ƙarshe lafiya lau."

Sai muryar ta fito, a tsakiyar wata kalmar Turanci. Murya ce mai kauri, da ɗan dishi a ƙasanta, tana tafiya a hankali a bayan ƙaho kamar mace da ta san ba za a tashi ba sai ta iso. Mazan ƙofa suka juyo. Ɗaya ya ajiye kofinsa ya ce, "Wace ce wannan?" Na ce, "Kakata ce." Ya ce, "Allah ya jiƙan wannan maƙogwaro." Babu wanda ya yi dariya. Babu wanda ya karanta sunan.

Duk aikin minti ashirin ya ci. Na duba agogon shagon. Da gaske ta iya, tsufa bai yi mata ƙarya ba. Amsar da ta nema ke nan, tana cikin wayata, babu wanda zan kai wa.

Da na dawo na sami Umma a kicin tana yanka albasa. Na ajiye wayar a kan tire na kunna, don na san in na tsaya neman kalmomi ba zan fara ba. Wuƙar ta tsaya a hannunta. Ta saurara har ƙarshe tana kallon bango.

"Ina farkon?" ta ce.

Na gaya mata komai: safa, mikrobas, buhun shinkafa, da abin da na faɗa ranar Alhamis ta ƙarshe. Ban taɓa yin magana mai tsawon haka ba a rayuwata. Na jira ta mare ni, wallahi na so ta yi. Ta goge hannu da zane, ta zauna a kan kujerar roba.

"Ina kamar ke," ta ce, "ta so ta koya mini shi. Na toshe kunne na ce haramun ne, Yaya ya faɗa. Ba ta sake ba. Ranar nan a akwati, ni kaina ban san me zan yi da shi ba in na same shi. Ɓoyewa ko fasawa." Sai ta dube ni. "Ke ta koya wa. Yi shi."

"Umma, ba zan iya ba."

"Ban tambaye ki ko za ki iya ba. Yalla, fara."

Ta buga huɗu da bayan cokali a kan tire. Na faɗa ciki da gudu.

"Kin yi gaggawa," in ji Umma. "Ba haka take yi ba. Sake."

Na kalli bangon da ke bayan kanta. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na jira rabin numfashi. Inna, ajiye mini tuwo, ina hanya, ina hanya. Daidai inda na dire Umma ta danna wayar, muryar Kaka ta karɓa daga bakina ta ci gaba. Umma ta rufe fuska da zanen da ke warin albasa.

Ba mu gyara komai ba. Kaka ba ta ji ba, kuma ba za ta ji ba. Ta nemi abu ɗaya tak a wurina, ta sassauta ta nemi ko riƙewa a hannu, na dube ta na yi mata ƙarya. Ina roƙon Allah ya yafe mini, ita kuma ban samu damar roƙonta ba.

Kawu, da bakina ba zan iya gaya maka ba, shi ya sa na rubuta. Faifan yana gidan, yana cikin akwatin Makka inda likkafani ya tashi. Saboda leɓenka ta bar waƙa. In hoton yana wurinka, ka kawo mu haɗa su. Tsohon mai ƙaho kuma ya sauka ranar nan ba wanda ya tambaye shi inda yake zaune. Duk wanda ya san shi ya gaya masa akwai faifai, kuma akwai wadda ta san farkon.

Allah ya jiƙan Kaka, ya haskaka kabarinta, ya karɓi azuminta da Hajjinta, ya sada ta da Innarta. Ta daɗe tana hanya.